Robar Ƙofar Mota: A Sa Gam Ko Kada A Sa?

A wannan mako saƙonni uku ne suka iso mana daga wurare daban-daban, amma duk a kan magana guda, wato robar nan da ke zagaye da ƙofar mota. Saboda haka muka ga ya kyautu mu haɗa su wuri ɗaya mu amsa.

Na farko ya fito ne daga wani mai sauraronmu a yankin Funtuwa, wanda ke da a-kori-kura yana kai hatsi kasuwannin ƙauye. Ya ce ya sayi sabuwar robar ƙofa, mai shago ya ce masa lalle sai ya haɗa da gam, da ya je wurin bakanikensa kuma sai ya ce ina ruwan roba da gam. To, wa zai bi? Na biyu daga wata Hajiya ce a Gumel, mai saro atamfa da leshi daga Kantin Kwari a Kano. Ta ce sau biyu ana manne robar ƙofar Golf ɗin ɗanta da gam, sau biyu tana ɓallewa, ga ƙura tana ɓata mata kaya. Na uku kuwa direban bas ne, Hiace, daga Azare. Ya ce robar ƙofar bayan motarsa ta zazzago, kuma fasinjojin kujerar ƙarshe sun cika kukan ciwon kai da jiri, shi ne yake tambaya wane irin gam ne zai riƙe ta.

Mun gode muku duka, matambayi ai ba ya ɓata. Amsar a taƙaice ita ce, galibin motocin da ke bin hanyoyinmu ba a sa wa robar ƙofarsu gam. Akwai kaɗan da ake sa wa. Wanda zai raba gardama tsakanin mai shago da bakanike kuwa ita ce motar kanta, domin kowane kamfani ya riga ya tanadi yadda robar za ta zauna tun daga ranar da aka ƙera motar. Aikinka shi ne ka duba ka gane wace hanya aka tanada wa taka.

Kafin mu shiga bayani, bari mu faɗi abin da ya sa wannan 'yar roba ta cancanci a ɓata mata lokaci. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan robar ta mutu, ƙurar hunturu za ta shiga, ruwan damina zai shiga, haka kuma hayaƙi. Ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin kafet shi ne ke cin ƙarfen ƙasan mota da tsatsa ba tare da kowa ya gani ba, sai ranar da aka ɗaga kafet aka hango titi. Buhun gyaɗa ko na masara da ya jiƙe a hanya, aka kai shi rumbu ko shago ba a sake shanya shi ba, yana iya yin fumfuna, kuma wani nau'in fumfunar na haifar da gubar da masana ke kira afulatoksin, wadda ke illata hanta. Mai atamfa kuma ta san yadda mai saye ke rage kuɗi da zarar ya ga ƙura ta zauna a bakin turmi. Ka ga ke nan asarar ta wuce kuɗin roba nesa ba kusa ba.

To, hanyoyi huɗu ne ake bi wajen ɗaura robar ƙofa.

Hanya ta farko, robar da ke hawa kan leɓen ƙarfe. Idan ka buɗe ƙofa ka ja robar da ke jikin mota, za ka ga wani siririn leɓen ƙarfe ya zagaye bakin ƙofar. Robar tana da baki kamar na shirin wanki, kuma a cikin bakin an binne siririn ƙarfe wanda ke sa ta cije leɓen. Irin wannan tura ta kawai ake yi, ita ce ke riƙe kanta. Babbar robar ƙofar Golf 2 da Golf 3 haka take, haka ma robar but da ta ƙofar baya a motoci da yawa. Wannan ba ta son gam ko kaɗan.

Hanya ta biyu, robar da ke da maɓallai. Ita wannan a jikin ƙofar take, ba a jikin mota ba. Idan ka juya bayanta za ka ga 'yan ƙananan maɓallan roba mai tauri a jere, a gefen ƙofar kuma akwai 'yan huji da aka yi musu daidai. Kowane maɓalli da hujinsa. Motocin Toyota da yawa, irin su Hilux da Hiace da Corolla, suna da irin wannan a ƙofofin gefe. Ita ma ba ta bukatar gam, maɓallanta ne gam ɗinta.

Hanya ta uku, robar da ke kwanciya cikin kwarmi ko a kan shafaffen ƙarfe wanda ba shi da leɓe, ba shi da huji. An fi samun wannan a tsofaffin motoci, da kuma bodin da masu walda suka ƙera a gida, kamar rumfar bayan a-kori-kura ko akwatin kaya. A nan ne gam yake da aiki, don babu wani abin da zai riƙe ta in ba shi ba.

Hanya ta huɗu, robar da ta zo da nata manne a bayanta, an rufe shi da siririyar takarda ko leda. Ɓare takardar ake yi a liƙa. Ƙara mata gam ɓata manne na asali ne kawai.

Saboda haka malam na Funtuwa, ka je ka ɗaga tsohuwar robarka a wuri guda ka leƙa. In ka ga leɓe, ko ka ga huji, to maganar bakanikenka ce daidai, ka mayar wa mai shago gam ɗinsa. In kuwa ƙarfen a shafe yake, to mai shago ya yi gaskiya. Amma ga wani abin lura. Ganin busasshen gam a ƙarƙashin roba ba ya nufin haka kamfani ya yi ta. Ɗauki misalin Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Tun 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma har yanzu akwai tsofaffinsu da ke dakon kaya a karkara. Irin wannan mota ta bi hannun mutane da yawa, kowa da dabarar da ya yi mata. Sau da yawa in ka kankare gam ɗin sai ka tarar da hujin maɓallai a ƙasa, wani ne can baya maɓallansa suka karye ya ga gam ya fi sauƙi. To, ka kankare ka gani da idonka tukuna.

Wani zai ce, to in an ƙara gam a kan mai leɓe ko mai maɓalli, ai ƙarfi ne aka ƙara, mene ne aibu? Aibun yana da yawa. Sabuwar roba tana bukatar ta ɗan motsa ta daidaita zamanta a kwanakin farko, in an manne ta a karkace haka za ta dawwama a karkace. Gam ɗin da aka lafta yana riƙe ruwa da ƙura a jikin ƙarfe, nan tsatsa ke samun gindin zama. Ranar da mai gyaran jikin mota zai cire robar don yin fenti ko gyaran ƙofa, maimakon ta fita lafiya a mayar da ita, sai ta yayyage a sake sayen wata. Daɗin daɗawa, a ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan huji da aka bari don ruwan da ya bi gilashi ya shiga cikin ƙofar ya samu hanyar fita. Mai lafta gam yakan toshe su bai sani ba, sai ruwa ya taru a cikin ƙofar ya ci ta daga ciki.

Wuraren da za a iya ɗiga gam kaɗan a irin waɗannan robobi ba su wuce uku ba: inda bakin robar biyu suka haɗu, da kusurwar da ta ƙi kwanciya, da wurin da hujin maɓalli ya buɗe har ba ya riƙewa. Ɗigo muka ce, ba shafe ba.

Yanzu sai batun saye. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada ka bari sai hadari ya haɗu sa'an nan ka tuna da roba. Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko shagon garinku, ka tafi da tsohuwar robar, ko ka yanki ɗan guntu daga wurin da bai lalace ba. Ka ɗora bakin sabuwar a kan bakin tsohuwar ka ga ko kauri da siffa sun zo ɗaya. Ka tuna robar ƙofar dama daban take da ta hagu, ta gaba daban da ta baya, musamman mai maɓalli, domin an riga an lanƙwasa kusurwoyinta tun daga kamfani. In wadda ake aunawa a yanka ce za ka saya, ka zagaya bakin ƙofar da igiya ka auna, ka ƙara kamar taki ɗaya saboda kuskure. In kuma ta gwanjo ce da aka ciro daga wata mota, ka matsa ta da yatsu. In ta taso nan da nan ta koma yadda take, tana da sauran rai. In ta zauna a lotse, ko ka ga tsaga-tsaga, ko ta bar maka baƙi a hannu, bar musu kayansu. Araha ba ta ado.

Kafin ka taɓa komai, ka gwada ƙofar kanta. Buɗe ta kaɗan, ka kama ƙasanta ka ɗaga sama. In ka ji tana wasa, to hinji ya ci, wato ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kansa. Wannan ciwo ne na motocin da ke bin hanyoyin burji da lodi, da waɗanda yaran mota ke lilo a jikin ƙofarsu. Ƙofar da ta sauka za ta riƙa gugar sabuwar roba a wuri guda har ta yage ta, a wani gefen kuma ta bar kafa. Babu robar da za ta yi maganin wannan, balle gam. A fara kai ta wurin mai gyaran jiki ya ɗaga ƙofar tukuna.

Ranar aiki, ka zaɓi inuwa, da safe ya fi, musamman a bazara lokacin da zafi a ƙasashenmu kan haura digiri 40, ƙarfe ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Ka yi ƙofa ɗaya-ɗaya, don in ka rikice ka leƙa ɗaya gefen ka ga yadda take. Mai waya ya ɗauki hoto kafin ya cire. Kwance farantin da ake takawa a bakin ƙofa da sukudireba, domin robar takan bi ta ƙarƙashinsa. Ja tsohuwar a hankali. In mai maɓalli ce, ka tabbata ka zaro guntayen da suka karye suka maƙale a huji. Sa'an nan a wanke wurin da ruwa da sabulu, a kankare tsohon gam da ɗan katako, kada a sa wuƙa don tana kwashe fenti. Inda ka ga tsatsa, ka goge da samfefa har ƙarfe ya fito, ka shafa fentin hana tsatsa, irin jan nan da masu walda ke shafa wa ƙofofin ƙarfe, ka bari ya bushe sarai. Ita kuma sabuwar robar, in ta daɗe a naɗe, ka shimfiɗa ta a rana na ɗan lokaci ta yi laushi ta miƙe.

In mai hawa leɓe ce, ka fara daga kusurwar sama, ka riƙa turawa da tafin hannu kana bi kaɗan-kaɗan, kana ɗan bubbugawa da katakon da aka naɗe da tsumma har ka ji ta zauna. In wani wuri ya yi sako-sako, cire shi, ka ɗora tsumma ka ɗan matse bakin robar da filaya, ka mayar, za ka ji ta cije. Wannan ita ce dabarar da ke maye gurbin gam. Mahaɗar bakin biyu ta kasance a ƙasa, ƙarƙashin farantin takawa, domin in ta zo a sama ta nan ruwa zai ɗigo. Wajen yankewa ka bar rarar kamar santimita 1, wato faɗin ɗan yatsa, ka cusa bakin biyu su tokari juna. Babban abin kiyayewa shi ne kada ka ja robar don ta kai. Robar da aka ja, komai daɗewa sai ta koma tsawonta, ranar nan za ta zame daga kusurwa ta bar kafa.

In mai maɓalli ce, ka fara daidaita kusurwoyin da aka lanƙwasa, sa'an nan ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kana dannawa da babban yatsa har ka ji ƙas. In wani ya ƙi shiga, ɗan ruwan sabulu ya isa. In ka ga maɓalli bai zo daidai da huji ba, kada ka tilasta, wataƙila ka juya ta ne, ko kuma ta ɗaya gefen ce aka ba ka. Maɓallan da suka ɓace ana samun su a wurin masu sayar da kayan jikin mota, kuɗinsu bai kai na gam ba.

In kuwa taka mai bukatar gam ce, to a saurara da kyau, don ba kowane gam ne gam ba. Robar ƙofar mota ta zamani galibi wata iri ce da ake kira EPDM, wadda aka fara yi a shekarun 1960. Tana jure rana da ruwa ƙwarai, amma jikinta ba ya saurin karɓar manne. Akwai gam ɗin da aka yi musamman dominta, mai zuwa a cikin ɗan bututu kamar na man goge baki, wani baƙi wani ruwan ɗorawa, kamfanin 3M na cikin masu yin sa. In ba a samu ba, gam ɗin masu gyaran takalma irin Evo-Stik, wanda ake shafawa gefe biyu, yana iya tsayawa. Amma sufa gulu, shi da ya bushe sai ya zama kamar gilashi, ƙofa kuwa kullum cikin bugu da girgiza take, ba ya jimawa yake tsagewa ya saki. Gam mai bututu biyu da ake cakuɗawa shi ma ƙanƙarewa yake yi kamar dutse. Silikon ɗin da ake sa wa gilashin taga ba ya kama irin wannan roba sosai, kuma nau'insa mai warin tsami yana jawo tsatsa a ƙarfen da fentinsa ya kwaɓe. Sholishon masu faci kuma don tayar mota da tub aka yi shi.

Ga yadda ake shafawa. Sabuwar roba takan zo da wani ɗan santsi ko farar hoda a jikinta daga kamfani, in ba a goge shi ba gam ba zai kama ba. A goge bayan robar da ƙarfen da sifirit, irin na kyamis, a bari su bushe. A fara gwada robar a wurinta babu gam, a ga ta kai ko'ina. Sa'an nan a shafa gam siriri a jikin ƙarfe, siriri a bayan roba, a jira 'yan mintoci har ya zama in ka taɓa da bayan yatsa ka ji danƙo amma bai biyo yatsan ba. Lokacin ne ake haɗawa a danne. A riƙa yi kamu ɗaya-ɗaya, don in ka shafe ƙofar gaba ɗaya, kafin ka kai ƙarshe na farko ya bushe. Gam mai kauri ba ya ƙara ƙarfi, samansa ne ke bushewa cikinsa ya zauna ɗanye. Bayan an gama a rufe ƙofar a hankali, a bar ta ta kwana, kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan awa 24. Abin da aka rubuta a jikin bututun kuma a sa wani ya karanta a bi shi.

Wannan gam yana kama wuta, tururinsa kuma yana bugarwa. A yi aikin a fili, nesa da murhu da mai shan taba. Ragowar kuma a ɓoye ta inda yara ba za su kai ba, don duk mun san ɓarnar da shaƙar sholisho ke yi wa matasa.

Hajiya ta Gumel, ina jin yanzu kin fara hango inda gizo ke saƙa. Robar Golf ɗin ɗanki mai hawa leɓe ce, abin da ya sa take faɗuwa shi ne ko ƙarfen da ke cikin bakinta ya buɗe ko ya ruɓe, ko leɓen motar ya lotse ko tsatsa ta cinye shi. Duk gam ɗin da aka zuba a kan ƙura da tsohon gam kuwa, ƙurar ya kama, ba ƙarfe ba. Ki sa a cire ta gaba ɗaya, a kankare, a miƙe leɓen, a matse bakin robar. In ta riga ta mutu a sayi wata. Har ila yau a duba robar but, tun da a nan kayanki ke zama, da siririyar robar da ke share gilashi in ana ɗaga shi, da 'yan robobin da ke toshe hujin ƙasan but, don ƙura na bin duk waɗannan. Kafin a gyara, ki riƙa sa turamen cikin babbar leda ki ɗaure baki.

Yaya mutum zai san aiki ya yi? Akwai gwaji uku da ba sa cin ko kwabo. Na ɗaya, ka sa tsinken takarda a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. In ka ji an riƙe ta, robar ta kama. In ta zare salin-alin, akwai kafa. Ka yi haka a sama da ƙasa da gefe-gefe. Na biyu, da dare ka shiga ciki, wani ya zagaya bakin ƙofar da tocila daga waje, duk inda haske ya ratso, nan ƙura za ta ratso. Na uku, a zuba ruwa da buta, a fara daga ƙasa ana hawa sama, kai kana ciki kana kallon inda zai fara ɓullowa. Kuma kada ka damu in ka ji ƙofar ta yi tauri wajen rufewa a kwanakin farko, haka sabuwar roba take, cikin mako ɗaya ko biyu za ta kwanta. Kada a riƙa maka ta da ƙarfi, kuma kada a yi gaggawar matsar da ƙugiyar makulli waje, don in robar ta kwanta sai ƙofar ta koma tana kaɗawa.

Direbanmu na Azare, na ajiye taka a ƙarshe ne don ta fi sauran nauyi. Maganarka ta wuce ta gam, magana ce ta rai. Idan mota na gudu, iskar da ke bayanta takan yi juyi ta dawo, ta kwaso hayaƙin salansa ta manna shi a ƙofar baya. In akwai kafa, ciki zai shigo, kuma na kujerar ƙarshe ne za su fara shaƙa. A cikin hayaƙin akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce dai ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a cikin gida. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi mai kyau sau 200 da ɗoriya. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala da barci, wato abin da fasinjojinka ke kuka da shi. Ƙananan yara da mata masu juna biyu da tsofaffi sun fi saurin jikkata. In ta kai ga direba kuma ya fara gyangyaɗi a kan sitiyari, Allah ya kiyaye.

Don haka kada ka sake ɗaukar fasinja sai ka gyara. Robar ƙofar baya galibi mai hawa leɓe ce, a sa sabuwa cikakkiya wadda ta zagaye ko'ina, a yi mata gwajin takarda. A duba makullin ƙofar ya riƙa jan ta ta matse. A sa mai walda ya bi salansa tun daga inji har wutsiya ya toshe duk inda ke yoyo, kuma bakinta ya fito waje sosai, kada ya tsaya a ƙarƙashin bodi. A toshe duk hujin da tsatsa ta yi a ƙasan motar. Wannan jan kunne ya shafi duk masu cika but da kaya su bar shi a buɗe su ɗaure da igiya, ga mutane a zaune a baya. Sauke gilashi ba ya maye gurbin gyara. In fasinja ya ce kansa na sarawa ko ya fara layi, a tsaya a kashe inji, a fito da kowa ya sha iska, wanda ya galabaita a garzaya da shi asibiti a gaya wa likita hayaƙin mota ya shaƙa.

Daga ƙarshe, kula da robar bayan an sa. A riƙa goge ta da tsumma da ruwan sabulu duk lokacin wankin mota, don yashin da ke maƙalewa shi ke cin ta. Kada a shafa mata baƙin mai ko giris ko kananzir ko gas ko basilin, duk abin da aka samo daga man fetur kumbura ta yake yi ta yi laɓo-laɓo. Wasu kan shafa man birki don ta yi sheƙi, shi kuma fentin mota yake ci. Abin da ya dace shi ne feshin silikon na roba, ko ɗan gilisirin a tsumma, musamman gab da hunturu. A guji ratsa igiyar ɗaurin kaya ta bakin ƙofa a rufe a kanta, kuma in da hali a riƙa ajiye mota a inuwa.

To jama'a, a nan za mu dasa aya a wannan mako. Malam na Funtuwa, Hajiya ta Gumel, da direbanmu na Azare, muna jiran ku rubuto mana yadda aiki ya kasance. Sauran masu tambaya kan noma da kiwo da kasuwa da abin hawa, ku ci gaba da aiko da saƙonninku, ku riƙa faɗin irin motar da garin da kuke, don amsa ta zo daidai. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.